Truecaller a wayar ɗan kasuwa: inda take taimako da inda ba ta kaiwa

Duk mai shago a Kantin Kwari ya san lambar wayarsa ba tasa ba ce shi kaɗai. Tana jikin allon shago, tana kan leda da rasit, tana yawo a zaurukan WhatsApp na masu sarin atamfa da shadda tun daga Maiduguri har Maraɗi. Ma'aikacin ofis yana iya ƙin ɗaukar baƙuwar lamba, mu kuwa ba mu da wannan damar, don wataƙila mai ciniki ne. 'Yan damfara ma sun san haka sarai. Wannan ne ya sa na ɗora Truecaller a wayata, kuma na daɗe da ita har na ga ya kamata in gaya wa 'yan'uwa abin da na gani.

Manhajar ta wani kamfanin ƙasar Suwidin ce da aka kafa a 2009. Idan kira ya shigo daga lambar da ba ka ajiye ba, sai ta nuna maka sunan da aka san lambar da shi. Idan mutane da yawa sun kai ƙarar lambar, sai allon ya koma ja. Galibin sunayen ba daga kamfanin layi ko banki take samo su ba, daga masu amfani da ita ne, kuma wannan ne ƙarfinta, shi ne kuma rauninta.

Jan allon nan ya yi min rana. Wata ranar kasuwa ana tsaka da awon yadi waya ta yi ƙara, allo ja wur, a sama an rubuta "Ɓarawo kar ka ɗauka". Wani bawan Allah ne da aka taɓa kira ya sa masa wannan suna. Na ɗauka na buɗe murya don yaran shago su ji da kunnensu. Mutumin ya yi sallama da Hausa garau, ya ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, daga babban ofishin bankinku ne. An samu matsala a BVN ɗinka, za a rufe asusun yau da ƙarfe huɗu. Yanzu saƙo zai shigo maka, ka karanto min lambobin da ke ciki." Babu gargada a muryarsa, har da su "in sha Allahu". Da can mun saba da masu kira da Turanci ko gurɓatacciyar Hausa, kana ji ka gane. Yanzu namu ne suke yi, sun san yadda ake gaida babba, sun kuma san yadda ake tayar masa da hankali. Tun da aka fara maganar haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, sannan Babban Banki ya ce a haɗa asusu da BVN ko NIN kafin Maris na 2024, suka samu abin fakewa, domin kowa ya ji labarin a rediyo, kowa yana tsoron a rufe masa.

Abin da na fi mora ma shi ne binciken lamba. Mu da muke aika kaya da karɓa ta tasha, sau da yawa wani zai kira ya ce shi direba ne, kayanka sun iso, ka tura kuɗin mota kafin a sauke. Kafin in tura ko sisi sai in zuba lambar a manhajar. Idan sunan da ya fito ya yi hannun riga da sunan da ke kan asusun da ya ba ni, sai in kira wanda ya aiko kayan in tabbatar. Minti biyu ne, amma ya fi zaryar ofishin 'yan sanda.

To amma fa kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Galibi lamba ba ta yin ja sai an kai ƙararta, wato sai an riga an gwada ta a kan wasu. Ɗan damfarar da ya sa sabon layi yau da safe zai shigo wayarka fes, ba ja ba alama. Abin da ya fi wannan damuna shi ne mai lamba yana iya rubuta wa kansa sunan da ya ga dama. Ba abin da zai hana shi sa sunan banki ya ƙara da "sashen kula da abokan hulɗa". Wanda ya saba yarda da abin da allo ya nuna sai ya saki jiki, ya karanto lambobin katinsa 16 da ukun nan na baya. A ganina wannan ne babban haɗarin: sunan da ya fito a allo zance ne na mutane, ba shaida ba ce. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri ko OTP, wato lambobin tabbatarwa da yake turo maka ta saƙo. Idan hankalinka bai kwanta ba, katse kiran ka kira lambar da ke bayan katinka, ko ka taka zuwa reshe.

Haka nan ba ta da abin yi a kan satar WhatsApp. Wani zai kira ka ya ce za a yi taron ƙungiya ta intanet, ka karanto lambobi shida da aka turo maka. Kana karantowa ya ƙwace asusun, ya bi 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya yana cewa a ranta masa dubu hamsin zuwa gobe. Su kuma lambarka ta gaskiya suke gani da hotonka. Maganin wannan yana cikin WhatsApp ɗin kansa, a kunna tabbatarwa ta mataki biyu a sa lambar sirri, sannan duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce a kira shi a ji muryarsa.

Akwai kuma maganar sirri, wadda bai kamata a ɓoye ba. Manhajar da take gaya maka sunan wani, haka take gaya wa wani naka. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, NITDA, ta sanar da cewa tana binciken yadda kamfanin yake tattara bayanan 'yan Najeriya. Ni da lambata take jikin allo ban damu ba, amma matan aure da 'yan mata su yi tunani a kai. Shafin kamfanin yana da wurin cire lamba ga wanda ba ya so a gan shi.

Inda abin ya fi ba ni tausayi shi ne iyayenmu. Manhajar tana buƙatar babbar waya da data da iya karatu, alhali waɗanda aka fi cuta su ne masu ƙaramar waya mai madannai. Mahaifiyata irinta take riƙewa, kuma kuɗin adashinsu ta asusunta yake bi. Abin da na iya yi shi ne na zauna da ita na ce, "Umma, duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lamba, ko ya ce daga banki yake ko daga masu tallafi, ki ce ɗana ne yake kula da wannan, ki kashe." Ta ce, "To in gaskiya ne fa, aka rufe min?" Na ce in an rufe ni zan kai ki a buɗe, amma kuɗin da ya fita da wuya ya dawo. Na kuma sa wa layinta lambar sirri, don ko wayar ta faɗi kada a cire layin a sa a wata a shiga asusunta.

Sigar kyauta nake amfani da ita. Tana ɗauke da tallace-tallace, amma jan allo da binciken lamba duk suna ciki, kuma su ne abin da ɗan kasuwa yake buƙata. Akwai ta biya mai ƙarin abubuwa, ni dai ban ga dalilin da zai sa mai ƙaramin shago ya kashe kuɗi a kanta ba. Na sa yaran shagona duka sun ɗora ta kyautar, da sharaɗin cewa duk lambar da ta gwada su, su kai ƙararta nan take don allon na gaba ya yi ja.