Makarantar koyon tuƙin da na shiga a Hotoro: malami ya yi, mota ce da saura

Duk mai son lasisi na gaskiya sai ya bi ta makarantar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta amince da ita, ya cika darasi 26, sannan jami'an VIO, wato masu duba lafiyar motoci, su gwada shi. Wata da ke wajen Hotoro a Kano na shiga, kuma alhamdu lillahi na ci gwajin.

Kuɗina dai malamin ne ya halatta shi. Dattijo ne mai haƙuri, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Da na ce otomatik nake so, sai ya ce, "Hajiya, fara da mai kuloci, waccan ba za ta gagare ki ba." Ya daɗe da ni a kan abu ɗaya: yadda zan tashi mota a hawa ba ta zame baya ba. A ja birkin hannu, a riƙa sakin kuloci sannu a hankali har a ji gaban motar ya ɗan ɗaga, a taɓa totur, sannan a sauke birkin. Ribas kuwa, duwatsu yake jerawa a fili, ya ce in shige tsakaninsu da madubi kawai. Bayan hannuna ya faɗa, bai bar ni a fili ba. Ya fitar da ni Titin Zariya da yamma, cikin 'yan adaidaita sahu masu tsayawa ba sigina, domin a nan zan yi tuƙin gobe.

Inda nake da ƙorafi shi ne motar. Ta tsufa, giyar ribas sai an danna da ƙarfi, kuma mu uku ake haɗawa, fiye da rabin lokacinka ya tafi a kujerar baya. Wannan bai dace da kuɗin da suke karɓa ba.

Ranar gwaji, jami'in ya tambaye ni alamomin hanya, ya sa na tashi, na yi ribas, na yi fakin. Na lura idonsa na kan bel da madubi tun kafin in taɓa makulli, abin da Malam ya yi ta nanata mini ke nan. Daga nan aka ɗauki hotona da zanen yatsu, aka ba ni lasisin wucin gadi na kwana 60.

Zan tura ƙanwata can. Amma kafin ta biya, sai ta ga motar da idonta, ta kuma tambayi mutum nawa za a haɗa su.