Fuskarka ta gaske ko mutum-mutumin zane?

A 2020 Microsoft ta ƙara wa Teams, manhajarta ta taro ta bidiyo, wani salo mai suna Together mode. Kyamara ta ɗauke ka, manhaja ta yanke kai da kafaɗunka daga bangon ɗakinka, ta ɗora ka kan kujera a zaure ɗaya da sauran mahalarta. Fuskarka ce ta gaske, har hammar da kake ɓoyewa. Sai dai hoton shimfiɗaɗɗe ne kamar kwali: ka ɗaga hannu yatsu su ɓace, wani lokacin ma a cinye gefen hularka. Ga shan data.

Meta (kamfanin Facebook) kuwa, da manhajar taronta Horizon Workrooms ta 2021, wadda ta rufe a 2026, ta bi wata hanya. A lokacin, ka sa gilashin Quest (wanda ake ɗaurawa a ido don ganin ɗakin taron), na'ura ta bi motsin kanka da hannayenka, ta motsa mutum-mutumi a madadinka (ko ƙafafu ba shi da su). Lissafin motsi da murya ake aikawa, ba bidiyon fuska ba. Muryar mai magana daga inda yake zaune take fitowa, har ka juyo wajensa. Amma a yawancin gilasan, motsin bakin mutum-mutumin daga sauti ake ƙago shi. In ciniki ne ko sasanci, ni dai gara in ga idon mutum.