Wace manhaja za ka ɗora wa rautar gidanka, kuma wace rauta ce za ta karɓe ta?

Duk gidan da mutane da yawa ke raba intanet ɗaya, ko gidan hayar ɗalibai ne a Samaru ko babban gida a cikin birni, akwai gardamar da ba ta ƙarewa: data ta ƙare tun wata bai raba ba, kowa kuma ya rantse ba shi ba ne. Manhajar da kamfani ya sako a cikin rauta, wato akwatin da ke rarraba intanet ga wayoyi da kwamfutocin gida, ba kasafai take raba wannan gardama ba. Iyakacinta ta ba ka damar canza suna da kalmar sirri, bayan 'yan shekaru kuma kamfanin ya daina sabunta ta, ya bar ta da duk wata ɓaraka da masu kutse suka gano. Shi ya sa wasu ke cire ta su ɗora wata, abin da masu gyaran waya ke kira filashin.

Asalin abin daga rautar Linksys WRT54G ne, wadda ta fito a ƙarshen 2002. An gano cewa da Linux, wata manhaja ta kyauta mai tafiyar da kwamfuta, aka gina manhajarta, lasisin Linux kuwa ya wajabta wa duk wanda ya rarraba ta ya saki rubutun manhajar ga jama'a. Kamfanin ya saki a 2003, daga nan masana suka shiga yi mata kwaskwarima. Yau guda huɗu ake ji da su.

Uku daga ciki ba za su ɗauke mu lokaci ba. DD-WRT, wadda ta fara a 2005 daga Jamus, tana karɓar rautoci da yawa, amma gano fitowar da ta dace da taka rauta aiki ne na mai haƙuri, ni kuma ba ni da shi. FreshTomato, magajiyar Tomato ta 2006, tana da kyawun fuska da zanen yadda data ke tafiya, sai dai rautoci masu ƙwaƙwalwar ciki ta kamfanin Broadcom kaɗai take hawa, yawancinsu tsofaffi. Asuswrt-Merlin kuwa ta masu Asus ce zalla. In kana da kuɗin Asus ɗora ta ka huta, in ba ka da shi mu wuce.

OpenWrt ce tawa. Tun 2004 ake aikinta, ta taɓa rabewa gida biyu a 2016 lokacin da wasu suka ɓalle suka kafa LEDE, suka kuma sake haɗewa a 2018 ƙarƙashin tsohon sunan. Bambancinta da sauran shi ne ba a cika ta da kaya tun daga farko ba. Tana zuwa da abin da rauta ke buƙata kawai, da shafin sarrafawa mai suna LuCI, sai kai ka ƙara abin da gidanka ke so ɗaya bayan ɗaya. Mai son sanin wanda ke cinye data sai ya ƙara nlbwmon, ya ga kowace waya da kwamfuta da abin da ta ja a wata. Ranar da aka fara kallon wannan jadawali a gidanmu, ashe talabijin ɗin falo ce ɓarauniyar, ba yaran da aka yi ta zargi ba. Mai fama da yankewar murya a kiran WhatsApp duk lokacin da wani ke sauke fim sai ya kunna SQM. Yadda take aiki shi ne ka gaya mata gudun layinka, ka rage kaɗan daga ainihin gudun, ita kuma ta riƙa tsara layin bayanai da kanta, ta hana mai babban lodi danne mai ƙaramin saƙo. Ga malamin da ke koyarwa ta bidiyo ko ɗalibar da ke tattaunawa da mai duba aikinta, wannan kaɗai ya isa dalili. Akwai kuma mwan3, mai haɗa layi biyu, misali MTN da Airtel, in ɗaya ya faɗi ta koma ɗayan ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Akwai mai toshe tallace-tallace ga duk gidan, akwai WireGuard mai ɓoye bayanan da ke tafiya tsakanin na'urori, akwai ware wa baƙi nasu Wi-Fi daban da na iyali.

Aibinta kuma ba ɓoyayye ba ne: ba ta lallashi. Da ka gama ɗora ta za ka tarar Wi-Fi a kashe, sai ka jona kebul daga kwamfuta, ka shiga 192.168.1.1, ka saka kalmar sirri domin ba ta zuwa da ita, ka zaɓi Nijeriya a wurin ƙasa, sannan ka kunna. Wasu a nan suke tsorata su ce rauta ta mutu, alhali lafiyarta lau.

Sai abin da ya shafe mu a Zariya musamman. Yawancinmu intanet ɗinmu daga sim yake, a cikin 'yar MiFi ko farar rautar da kamfanin sadarwa ya sayar. Irin waɗannan galibi ba sa karɓar OpenWrt, kuma kada ka bari wani ya ruɗe ka: buɗe rauta ta karɓi sim ɗin kowane kamfani abu ne daban, ɗora mata sabuwar manhaja abu ne daban. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar mai sim ɗin a matsayin mai kamo sabis, ka ja kebul daga bayanta zuwa rauta ta biyu mai OpenWrt, ka kashe Wi-Fi ɗin ta farko. Masu Starlink, wadda ta shigo Nijeriya a farkon 2023, su ma haka suke yi.

To wace rauta za a saya? Fara da lambobi biyu. Mai ma'ajiya megabait 4 da RAM megabait 32, irin tsohuwar TP-Link TL-WR841N da ta cika kasuwa, an riga an wuce zamaninta, sababbin fitowar OpenWrt ba sa shigarta. Mai 8 da 64 za ta ɗauka da ƙyar, amma kana ƙara abu biyu wuri ya cika. Nemi 16 da 128 zuwa sama. Sannan ka san kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar ciki: MediaTek da Qualcomm suna tafiya daidai da OpenWrt, Broadcom kuwa bai saki sirrin Wi-Fi ɗinsa ba, don haka za ka iya ɗorawa ka wayi gari da rauta mai aiki ta kebul kawai. Archer C7 ta TP-Link ta tsufa amma har yanzu tana aiki. Rautocin GL.iNet suna zuwa da manhajar da aka gina a kan OpenWrt tun daga masana'anta, sun dace da wanda ba ya son kasada. A ƙarshen 2024 kuma masu OpenWrt sun fitar da tasu, OpenWrt One, a kan dala 89, sai dai wannan sai an yi odarta daga waje.

Amma duk wannan lissafi banza ne in mai shago ya yi maka wayo, kuma a nan ne aka taɓa cuta ta. Suna ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya. Kamfanoni sukan canza kayan ciki gaba ɗaya su bar suna da siffa yadda suke, sai dai a ƙasan rauta, kan sitika, ka ga an rubuta V1 ko V2 ko V3. Archer C7 ɗin da na ambata, V1 ɗinta Wi-Fi mai 5GHz ba ya aiki da OpenWrt, daga V2 zuwa V5 ne ake so. Archer C6 kuwa V2 Qualcomm ce, V3 MediaTek, fayil ɗin ɗaya ba ya shiga ɗayar. Xiaomi 4A iri biyu ce, farare masu eriya huɗu kamar tagwaye, ɗaya Gigabit, wato mai gudun 1000, da RAM 128, ɗayar mai gudun 100 da RAM 64. Na taɓa saye a wani shago inda kwali ya faɗi abu ɗaya, sitikar ƙasa ta faɗi haka ita ma, sai da na isa gida na lura gefenta ya ɗago, ashe an liƙa ta ne a kan wata. Da na koma sai mai shagon ya ce, "Haba Malam, ai duk ɗaya ne, intanet dai za ta kawo." Intanet kam tana kawowa, amma ba ita na biya kuɗinta ba.

Saboda haka ka sa a buɗe kwali a gabanka. Shafa sitikar da yatsa. Duba kusoshin ƙasa ko bakinsu ya ci sukundireba, domin ana goge gwanjo a saka a sabuwar leda a sayar da kuɗin sabuwa. Ka ce a jona ta da wuta a shagon, ka shiga shafinta da wayarka, a can ma tana rubuta lambar fitowarta, wannan kuwa ba a liƙa masa sitika. Gwada kowace kafar kebul, domin 'yar gwanjon da tsawa ta taɓa bi ta kanta takan zo da kafa ɗaya ko biyu a ƙone. Kada ka manta da caja: a karanta abin da aka rubuta a jikinta a gwada da na jikin rauta. Ana yawan musanya ta asali da jabu mara ƙarfi, sai rauta ta riƙa kashe kanta tana kunnawa duk lokacin da mutane suka yi yawa a kai, kai kuma kana ta zagin manhaja. Wanda kuma ya ce ka kawo ya ɗora maka "ta musamman" daga cikin ma'ajiyarsa ta USB, wadda wai ke ba da data kyauta, ka riƙe rautarka ka yi gaba. Babu manhajar rauta da ke ba da data kyauta, kuma duk abin da gidanka ke yi a intanet ta cikin wannan akwati yake bi. Daga shafin openwrt.org kaɗai ake saukewa, bayan an duba jadawalin na'urorin da ke can an tabbatar da suna da lambar fitowa.

Galibi fayil biyu za ka gani. Mai suna factory shi ne na karon farko daga manhajar kamfani, mai suna sysupgrade na sabuntawa ne daga baya. Ka ajiye manhajar kamfanin ta asali a kwamfuta tun kafin ka fara, ka yi aikin ta kebul ba ta Wi-Fi ba. Filashin ɗin 'yan mintuna ne, amma in aka ɗauke wuta a tsakiyarsu rauta na iya ƙin tashi, sai an bi ta TFTP, wata hanyar tura mata manhaja daga kwamfuta, wani lokaci ma sai an buɗe cikinta an jona waya. Don haka ka jona ta da inbata ko 'yar batirin rauta mai cikakken caji, ba wutar gari ba, ba kuma janareton da mai ya kusa ƙarewa ba.