Ofishin Ba Baƙi Shawara a Jamus: Inda Ya Yi Mini Rana da Inda Ya Gaza

A cikin hunturun bara wata wasiƙa ta iso gidanmu daga Jugendamt, wato hukumar kula da yara da matasa ta garin da muke zaune a Jamus, tana neman ni da maigidana mu bayyana a gabanta. Dalili kuwa shi ne 'yata ta fari, mai shekara tara, ta gaya wa malamarta cewa na buga mata muciya a ƙafa saboda ta ƙi wanke kwanuka. Duk wanda ya zauna cikin 'yan Afirka a ƙasar nan ya san yadda sunan wannan hukuma yake faɗar da gaba, domin abin da ake faɗa a wuraren suna da biki shi ne ita ce mai ƙwace 'ya'yan mutane. Wata Hajiya 'yar zangon Kumasi ce ta ce mini, "'Yar nan, kada ki je wurinsu da kuka, ki fara zuwa wurin masu ba baƙi shawara."

Irin waɗannan ofisoshi gwamnatin tarayya ce take ɗaukar nauyinsu tun shekarar 2005, amma ƙungiyoyin jinƙai irin su Caritas da Diakonie da AWO da Red Cross ne suke gudanar da su. Ba a biyan ko sisi, kuma an ware su ne don baƙin da suka haura shekara 27, domin matasa daga 12 zuwa 27 suna da nasu sashen dabam. Wanda na je ɗaki biyu ne a hawa na farko, da benci a baranda da ɗan kwandon kayan wasan yara.

Abin da ya fi burge ni da jami'ar da na samu shi ne ba ta rufe ni ba. Ta karanta wasiƙar layi bayan layi, sannan ta faɗa mini ƙarara cewa tun shekarar 2000 sashe na 1631 na dokar ƙasa ya haramta dukan yaro da wulaƙanta shi, ko da iyayen da suka haife shi ne, don haka kada in je ina kāre kaina da cewa haka aka tarbiyyantar da mu a gida. Maganar ta yi mini ɗaci, amma da ta biyo ta da bayani sai hankalina ya kwanta. Ta nuna mini cewa gayyata ce ta tattaunawa, cewa mafi yawan aikin hukumar tallafa wa iyali ne a cikin gidansu, kuma ko da ta ɗauke yaro don gudun haɗari, idan iyaye suka ƙi amincewa dole ne ta mayar da shi ko ta kai maganar kotun iyali ba tare da ɓata lokaci ba. A shekara shida da na yi a ƙasar nan babu wanda ya taɓa gaya mini wannan, kuma ina ganin da an gaya wa iyaye tun suna sababbin zuwa, da an rage asarar hawaye mai yawa.

Ranar zama jami'ar ta raka mu da ƙafarta, kuma a nan ne na ga amfaninta na gaske. Ma'aikacin hukumar ya lura cewa ba na ambaton sunan yarinyar, sai dai in ce "ita" ko "yarinyar nan", ya kuma ga ita ma ba ta kallon idona idan ina magana, sai ya fara rubutu a takardarsa. Na ga alamar ya ɗauka babu shaƙuwa a tsakaninmu. Jami'ar ba ta san alkunya ba, amma ta dakatar da shi ta tambaye ni dalili, na bayyana cewa a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kuma yaron da ya zuba wa babba ido shi ne marar tarbiyya. Ta nemi a rubuta wannan bayanin kamar yadda na faɗe shi. An tashi a kan za a turo mana mai taimakon iyali na 'yan watanni, ba a taɓa yarinyar ba.

Sai dai akwai inda aikin ya gaza, kuma babba shi ne tafinta. Da zarar sun ji Najeriya ko Ghana sai su ɗauka Turanci ya wadatar, in Nijar ce Faransanci, alhali macen da ta tashi a ƙauye ba lallai ta iya bayyana damuwarta da ɗayansu ba. Da na nemi mai jin Hausa, wanda aka samo mini mutum ne da maigidana yake haɗuwa da shi a masallacin Juma'a. An ce ya sa hannu a takardar riƙe sirri, amma wace mace ce za ta buɗe cikinta a gaban wanda matarsa take adashe da ita? Na gwammace in lallaɓa da guntun Jamusancina. Ban da wannan, samun lokacin ganawa yana ɗaukar makonni, wayar ofishin tana yawan ƙara babu mai ɗauka, kuma ranar da ake karɓar mutane ba da alƙawari ba sai an yi sammako, domin jami'a ɗaya ce take fama da takardun zama da na haya da na kuɗin yara duk a tebur guda.

Duk da haka na tura mata biyu can bayan ni, kuma zan ƙara turawa. Wadda za ta je ta tafi da wasiƙar a cikin ambulan ɗinta saboda kwanan wata, da takardar zama, da ɗan littafin nan ruwan ɗorawa na awon yara a asibiti, sannan ta faɗa tun a waya cewa tana son tafinta mace wadda ba 'yar garin ba.