Akwati mai taya huɗu, daga Bradford zuwa Tudun Wadar Zariya

Ban yi niyyar sayen akwati a Ingila ba. Tsohon akwatina na yadi mai taya biyu na tafi da shi, da shi kuma na so in dawo. Amma duk wadda ta taɓa kai wa ƙawaye ziyara a ƙasar waje ta san yadda kwanakin ƙarshe suke. Mako uku na yi a Bradford wajen ƙawayena biyu da muka yi makaranta tare. Na kai musu kuka da daddawa da yaji, su kuma suka rama da cakulan, ganyen shayi, takalman yara da rigunan sanyi. Ga saƙon wannan zuwa ga mahaifiyarta a Samaru, ga na waccan zuwa ga surukarta. "Ɗan abu ne fa, ba shi da nauyi," haka kowace ke cewa. Ɗan abu, ɗan abu, sai da falo ya cika. Tikitina ya ba ni damar akwati biyu, kowanne kilo 23, saboda haka ana jibi tafiya muka shiga gari muka sayo na biyu a kan fam 55.

Babba ne, ruwan toka, tsayinsa santimita 76. Jikinsa roba ce da ake kira folifurofilin, dangin wadda ake yin kujerun biki da ita, mai lanƙwasa maimakon fashewa. A cikin shagon na tura shi da yatsa ɗaya ya tafi sululu a kan tayil, ya juya hagu ya juya dama, nan take ya shiga raina.

A gida murnata ta fara raguwa. Mijin ƙawata ya rataye shi a ɗan sikelin hannu, ba komai a ciki, sai ga kilo 4 da rabi. Wato tun ban saka ko safa ba ya cinye mini kusan kashi ɗaya cikin biyar na kilo 23 da aka yarje mini a akwati ɗaya. Yana kuma da zif na biyu da ake zugewa ya ƙara ciki, wanda ni a wajena tarko ne. Ciki yana ƙaruwa, kilo 23 na nan inda yake, ga kuma ƙa'idar yawancin kamfanonin jirgi cewa tsayi da faɗi da kauri idan aka haɗa kada su wuce santimita 158. Sau uku muna zazzagewa muna sake shiri. A ƙarshe kwalaben man zaitun biyu suka zauna a Bradford, ƙawata na ta mita.

Da asubar Talata muka kama hanyar M62 zuwa filin jirgin Manchester. A nan akwatin ya nuna gwanintarsa: na ɗora jakar hannu a kansa, na tura shi a tsaye a gefena, ko kafaɗata ba ta sani ba, alhali tsohon sai jan sa nake kamar akuyar da ta ƙi kasuwa. Daga nan ban sake ganinsa ba sai Abuja. Awa huɗu zuwa Istanbul, zaman jira a wancan makeken filin jirgi da aka buɗe a 2018, inda tafiya daga wata ƙofa zuwa wata kaɗai ta isa motsa jikin yini, na yi sallolina a masallacin ciki, sai kuma awa shida da wani abu zuwa Abuja. Abin dariya, ko agogona ban taɓa ba, don a watan Agusta lokacin Ingila da na Najeriya ɗaya ne.

Cikin dare ya fito a kan bel, da ƙurje-ƙurje a kusurwa biyu, amma lafiya lau. Na kwana gidan yayata a Kubwa. Da na buɗe don in ba ta nata, kwalbar turaren da na naɗe cikin rigar sanyi ko tsagewa ba ta yi ba. Wannan kam na yaba masa.

Washegari na hau jirgin ƙasa daga tashar Kubwa zuwa Rigasa, layin da ya fara aiki tun 2016. Daga fitowa tashar Rigasa labari ya sha bamban. An yi ruwa da safe. Tayoyin nan huɗu ƙanana ne, ba su fi bakin kofin shayi ba, kuma a waje suke, kowace a kan ɗan wuyan roba mai juyawa. A kan tayil wannan wuyan ne daɗinsa, a kan tsakuwa da taɓo kuwa shi ne ajalinsa. Ban yi taku hamsin ba laka ta toshe biyu. Na karkata shi in ja irin yadda ake jan mai taya biyu, nauyin duka ya koma kan na baya, sai ji na yi ƙas. Wani ɗan dako ya tsinto tayar ya miƙo mini. "Hajiya, irin wannan ai na filin jirgi ne, kawo in ɗauka." Ya saɓa shi a ka. Tsohon nawa, mai tayoyi a lume cikin jiki, ya bi bayansa cikin taɓon bai ce uffan ba.

A tashar Kawo direban motar Zariya ya cusa shi a but, ya ɗora wa bawan Allah buhun wani fasinja, ya ɗaure murfin da igiya tunda ya ƙi rufuwa. Na ce, "Malam direba, akwai abin fashewa a ciki fa." Ya ce, "Hajiya, in sha Allahu ba abin da zai same shi." Wajen Jaji ruwa ya sake saukowa. Da muka isa, murfin akwatin ya lotsa kamar tsohuwar tasa, na danna shi ta ciki da tafin hannu ya koma daidai. Robar ta yi abin da aka ce za ta yi. Zif ɗin ne ya ba ni kunya: yadi ne, ruwa ya bi ta nan ya jiƙa kwalayen shayi uku, biyu daga ciki na surukar ƙawata. Na shiga gida bayan la'asar ranar Laraba, awa 36 da ɗoriya da barin Bradford.

Idan tafiyarki daga filin jirgi sai mota sai ƙofar gida mai siminti, ki saye shi, za ki ji daɗinsa. Idan kuwa akwai tasha da ɗan dako da damina a tsakaninki da ɗakinki, ki nemi mai taya biyu manya, ki sa a auna miki shi tun a shago, kuma duk abin da ke tsoron ruwa ki sa shi a leda.

Wani mai gyaran jakunkuna a kasuwar Sabon Gari ya sa masa wata taya da ya ciro daga mataccen akwati. Ta ɗan fi sauran ukun tsayi, don haka yanzu da ɗingishi yake tafiya. Ƙanwar maigidana ta riga ta aiko a ba ta aronsa za ta Umara, na ce ta zo ta ɗauka, amma ta taho da mai ɗaukar mata shi har bakin titi.