Gotek ko katin CompactFlash: wanne ya fi dacewa da tsohuwar kwamfuta 486?

Malam, ka ce ka ciro kwamfutar mahaifinka ƙirar 486, tana tashi amma babban faifanta na ajiya yana ƙara, ba ta kuma karanta filofi, shi ne kake tambayar wanda za ka fara saya tsakanin Gotek da adaftar CompactFlash. Kowannensu da irin aikinsa.

Gotek gurbin na'urar karanta filofi yake cikewa. Ana cire tsohuwar a zura shi a mazauninta, a jona masa faffaɗan kebul ɗin nan mai ramuka 34, sannan a soka filasha ta gaba, fayil ɗin IMG (wato kwafin filofi sukutum a fayil ɗaya) da ka zaɓa a cikinta sai kwamfutar ta ɗauke shi a matsayin filofi. Ya kamata a ɗora masa manhajar FlashFloppy, wadda kyauta ce, domin wadda yake zuwa da ita tana da wuyar sha'ani. Sai dai saurinsa bai wuce na filofi ba.

Ita kuwa adaftar CompactFlash babban faifan take maye wa gurbi, kuma a nan nake ganin buƙatarka take. Katin yana aiki da tsarin IDE, wato tsarin da ake jona babban faifai da shi a irin waɗannan kwamfutoci, tun asali, don haka adaftar ba ta wuce mahaɗi tsakaninsa da kebul mai ramuka 40 ba, babu abin da ke juyawa a ciki balle ƙurar hunturun Kano ta shaƙe shi. Idan kana son zuba fayil, sai ka zare katin ka sa a na'urar karanta kati a laftof ɗinka. Amma kada ka ɓata kuɗi a kan babban kati, saboda BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, na kwamfutoci da yawa da aka ƙera kafin 1994 ba ya ganin abin da ya haura megabayit 504, shi ma MS-DOS 6.22, tsarin da ke tafiyar da irin waɗannan kwamfutoci, ba ya riƙe ɓangaren faifai da ya wuce gigabayit 2.

Shawarata ka fara da katin, ka kwashe rubuce-rubucen Baba tun faifan bai tsaya ba, kuma ka daina kunna kwamfutar kafin lokacin, musamman da yadda wuta ke ɗaukewa ba zato. Gotek ya biyo baya, domin tsofaffin manhajoji da dama da aka taskace a Internet Archive, wani rumbun ajiya a intanet, a siffar filofi suke, kuma wurin girka su sai sun nemi faifan A, wato na'urar filofi. Filasha za ka samu a titin Beirut na Kano, Gotek da adaftar kuwa galibi oda ake yi ta intanet.