Max Miller ko Arthur Askey: wa ya fi?

Malam, ka tambaya me ya sa Turawan Ingila ke kambama Max Miller a cikin tsofaffin 'yan barkwancinsu, alhali Arthur Askey ne ya daɗe yana fitowa a talabijin. A ganina Miller ya fi iya sana'ar, Askey kuma ya fi fahimtar inda zamani ya dosa.

Dukansu sun taso ne lokacin da ma'aikata ke sayen tikiti su cika gidajen wasa da daddare, mawaƙi ya hau ya sauka, mai rufa-ido ya biyo, sannan ɗan barkwanci. A wannan fage Miller ba shi da na biyu. An haife shi a Brighton a 1894, sunansa na yanka Thomas Henry Sargent. Yakan fito cikin kwat mai zanen furanni, hula a karkace, ya matso bakin dandali kamar mai shirin yin gulma. Sai ya zaro littattafai biyu, fari da shuɗi, ya tambayi jama'a wanne suke so. Farin na labarai ne masu tsabta, shuɗin na batsa. Kowa ya san wanda za su zaɓa. Gwanintarsa ita ce harshen damo: zai jero baiti, ya zo daidai kalmar da kowa ke jira, sai ya yi shiru ko ya kauce. 'Yan kallo su cika da kansu, su fashe da dariya, shi kuma ya juyo yana zarginsu da mugun tunani. Wanda ya taɓa ganin 'yan kama suna juya taro a gidan biki zai gane irin wannan iko.

To amma wannan salo sai da taro. Kyamara ba ta cika wa mutum baiti. Ga BBC kuma da dokokinta: a 1949 ta fitar da kundin da ya hana barkwanci a kan bayan gida, amarya da ango, da tufafin ciki na mata. Rabin jarin Miller ke nan. Ya leƙa talabijin kaɗan, bai yi armashi ba, ya rasu a 1963, lokacin da gidajen wasan ke rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Askey ɗan Liverpool ne, an haife shi a 1900, gajere mai tabarau, tsohon akawu a ofishin ilimi na birnin. Rediyo ce ta fito da shi a 1938, a shirin Band Waggon, inda shi da Richard Murdoch suke yi kamar suna zaune a saman rufin ginin BBC. A 1952 ya fara Before Your Very Eyes a talabijin, daga baya shirin ya koma tashar ITV. Ya gane cewa akwatin nan a falo yake, kaka da jikoki na zaune. Saboda haka barkwancinsa na shirme ne da tsalle-tsalle, yana kallon kyamara yana hira da mai kallo kai tsaye. Ya yi ta aiki har kusan rasuwarsa a 1982, bayan ciwon da ya sa aka yanke masa ƙafafu biyu.

Gaskiya yawancin wasan Askey yau ya yi lami, sai dai ka yi murmushi don fara'arsa. Na Miller har yanzu da yaji. Kada ka auna shi da finafinansa, an ɗaure masa baki a cikinsu. Nemi faifan muryarsa da aka ɗauka a gaban jama'a, a gidajen wasa na Landan, Holborn Empire a 1938 ko Metropolitan na titin Edgware a 1957. Ko Turancin ya yi maka sauri, saurari inda yake tsayawa da yadda matan ke shewa.